Wa zai yi hira da yaron nan?

A mafi yawan makarantun kuɗi na biranenmu, takarda biyu ake miƙa wa iyaye ranar da aka rufe zango na uku. Ɗaya ta sakamakon jarrabawa ce, ɗayar kuma sanarwar lesin ɗin hutu: mako huɗu, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, kuɗi kaza, har da 'yan nazare. Dogon hutun gaba ɗayansa bai wuce mako shida ko bakwai ba, daga ƙarshen Yuli zuwa wajen tsakiyar Satumba. Idan aka cire makonnin lesin, aka cire makon ɗinkin yunifom da sayen littattafai, abin da ya rage wa ɗan shekara huɗu bai taka kara ya karya ba. Ga kuma Islamiyya da yamma, wadda sau da yawa hutunta ba ya zuwa daidai da na boko.

Ba na ganin laifin malaman da ke shirya lesin. A makarantu da dama ba a biyan albashin Agusta cikakke, wasu ma ba a biya sam, don haka ɗan kuɗin nan shi ne cefanensu. Uwar da ke fita aiki asibiti ko banki kuwa ba ta da hutun mako bakwai, dole ta sami inda za ta ajiye yara hankalinta kwance. Akwai kuma yaron da lesin ke yi wa rana da gaske, irin wanda ya gama aji biyu na firamare bai iya haɗa baƙi ba. Abin da ke damuna shi ne dalilin da mu iyaye muka fi bayarwa: "Kada ya zauna a gida haka nan." A cikin wannan magana akwai wani zato da muka haɗiye ba mu tauna ba, wato gida wuri ne da ba a koyon komai a cikinsa. Abin takaicin shi ne, a gidajen da yawa daga cikinmu zaton ya kusa zama gaskiya. Yadda aka yi hakan ta faru shi nake so mu duba.

Bari mu fara da abin da masana suka gano game da yadda ƙaramin yaro ke koyo. A 1995 wasu masu bincike biyu a Amurka, Betty Hart da Todd Risley, sun wallafa sakamakon aikin da suka yi da iyalai 42 a yankin Kansas. Kowane wata sukan je gidan su naɗi maganar awa guda, suka yi ta yi har kimanin shekara biyu da rabi. Daga nan suka ƙiyasta cewa kafin yaro ya cika shekara huɗu, ɗan gidan ma'aikata masu ilimi ya ji kalmomi wajen miliyan 30 fiye da ɗan gidan matalauta. Wannan adadi ya zagaya duniya, ya kuma sha suka, don iyalai 42 ba su da yawa, kuma lissafin ƙiyasi ne. A 2018 Douglas Sperry da Linda Sperry da Peggy Miller sun nuna wani giɓi mafi muhimmanci a gare mu: idan aka ƙirga maganar duk mutanen da ke kewaye da yaro, kaka da yayye da maƙwabta, maimakon ta uwa ita kaɗai, hoton yakan sauya, har wasu gidajen talakawa su zarce na masu hali. A wannan shekarar dai, Rachel Romeo da abokan aikinta na jami'o'in MIT da Harvard sun auna yara 36 'yan shekara huɗu zuwa shida. Sun tarar abin da ya fi tafiya tare da ƙwarewar harshe, da kuma motsin sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa magana, shi ne yawan karɓa-karɓa: babba ya faɗa, yaro ya mayar, babba ya sake ɗorawa. Yawan kalmomin da aka zuba wa yaro a kunne bai kai wannan tasiri ba, kuma dangantakar ta tsaya ko da an cire bambancin dukiya da na karatun iyaye.

Binciken da ya fi taɓa ni na Jamaika ne. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor da tawagarta sun ɗauki yara 129 masu tsumburewa saboda ƙarancin abinci a unguwannin talakawa na Kingston, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ce ke zuwa gidansu awa ɗaya a mako, tsawon shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida, ta yi masa magana, ta yaba masa. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin ɗari. Amfanin madarar kuwa bai ɗore ba.

To, in hira ce jarin, wa ya yi hira da mu muna yara? Duk wanda ya tashi a babban gidan Bahaushe ya san amsar ba ta cika zama uwa ko uba ba. Uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Idan lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro, wani ma ya zauna ke nan. Wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yadda wannan kunya da riƙon 'ya'yan dangi suka ratsa rayuwar gida kaf. Uba kuwa yana zaure ko turaka. Ka durƙusa ka gaishe shi, ya aike ka, ka dawo ka ba da saƙo, shi ke nan. Amma duk da haka yaran gidajen nan sun tashi da baki. Sun iya zance, sun iya habaici, sun iya mayar da magana tun ba su kai shekarun shiga makarantar allo sosai ba.

Dalili kuwa shi ne, al'ada ta raba aikin. Abin da kunya ta hana uwa, ta ɗora wa kaka, har ta ba ta lasin yin sa da wasa: jika namiji mijinta ne, mace kishiyarta. Ga gwaggo, ga kawu, ga abokiyar zaman uwa, ga taubasai da ake tsokanar juna da su ba a fushi, ga yayye goma a tsakar gida, ga dandali in wata ya fito. Yaro ɗaya yana da bakuna ashirin da ke tanka masa daga asuba zuwa kwanciya. Abin da su Sperry suka je suka ƙirga da na'ura, shi ne zaman gidanmu na yau da kullum.

Sai muka yi karatu, muka sami aiki, muka koma gida mai ɗaki uku da get da katanga mai waya a Kaduna ko Abuja. Kaka tana can nisan kilomita ɗari uku ko huɗu. Taubasai sai a hoton biki. Muka taho da kunyar, muka baro mutanen da ke cike gurbinta. Uba ya dawo bayan Magariba a gajiye, tambayarsa biyu ce, "Ka yi salla?" da "Ka yi aikin makaranta?", kuma kowace amsarta kalma ɗaya ce. Uwa tana fama da girki da aikin ofis da ta taho da shi, yawancin maganarta umarni ne: sauko, bari, cinye, je ka kwanta. 'Yar aiki ita ma yarinya ce da ba a yi hira da ita ba. Wanda ya rage mai magana ba gajiya shi ne talabijin da waya, su kuwa ba sa jiran amsa. A irin wannan gida, lesin ba wauta ba ne. Aƙalla a can akwai mutane.

Sai batun harshe, wanda ya ƙara wa ciwon gishiri. Da yawanmu mun yanke shawarar yi wa yara Turanci zalla a gida don su yi fice a makaranta. Niyyar mai kyau ce. Amma mu duba irin Turancin da ke fitowa. Mutumin da ke rubuta rahoto mai shafi arba'in da Turanci a ofis, in ya zo yi wa ɗan shekara uku magana, sai ka ji kalmomin ba su wuce na umarni da tsawa ba, don bai taɓa yin shagwaɓa ko tsokana ko lallashi da wannan harshe ba. Hausarsa ce ke da karin magana da barkwanci da sunan kowane tsuntsu, ita kuma ya kulle ta. Yaro ya tashi da Turancin zane mai motsi da Hausar sayen biredi. Tsoron cewa harshen gida zai danne Turanci an gwada shi a ƙasar nan tun tuni. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Yaron da ya iya kafa hujja da ba da labari a harshe ɗaya yakan ɗauki wannan iyawa ya shiga da ita harshe na biyu.

Wannan ne ya sa a gidanmu mako biyu na dogon hutu na garinmu ne, a ƙasar Gumel. Yara biyu gare mu, mace 'yar shekara bakwai da namiji ɗan huɗu. Ba zan kama sunan babbar ba, kun san dalili. Tafiyar daga Kaduna takan cinye yini, ta Zariya da Kwanar Dangora da Kura, a ratsa Kano, a bi ta Gezawa da Gujungu. Dokar motar ɗaya ce: waya tana jaka sai mun wuce Kano. Abin da taga ta nuna shi ne abin zance. Me ya sa shinkafar Kura take cikin ruwa, masara kuwa ba ta so? Me ya sa ƙasa take ja a Zariya, ta koma fari da rairayi in an doshi Gumel? Tirela nawa muka wuce? Ƙaramin yakan ƙirga har ashirin da wani abu, ya rikice, ya koma ɗaya, ba wanda ya gyara masa sai yayarsa.

Muna sauka, tun kafin a shigo da kaya, mahaifiyata za ta tare ƙaramin: "Maigida, haka ka zo mini hannu rabbana? Ina kuɗin cefane?" Kwana biyun farko yakan ɓuya a bayan uwarsa. A bara, ran kwana na huɗu, sai ga shi ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Ni na fasa auren, tuwonki ba nama." Tsakar gida ta ɗauki shewa. A lura da abin da ya faru a kan ɗan shekara huɗu kafin ya furta wannan. Ya gane ana faɗin abin da ba shi ake nufi ba. Ya karanta fuskar tsohuwa ya tabbatar wasa ne. Ya ƙirƙiro hujja, ya jefa ta a kan lokaci. Babu takardar aikin lesin da ke koyar da wannan, kuma shi ne dai abin da za a nema a wurinsa nan da shekara goma in aka ce ya karanta labari ya faɗi manufar marubuci.

Hutun kuma ya faɗo a tsakiyar damina, abin da ya fi kowane tsarin karatu dacewa. An gama noman farko ana maimai, gero ya fara fitar da kai. Yaron birni duk ganye ɗaya ne a wurinsa. Cikin mako guda 'ya'yan ƙanena sun koya wa nawa bambanta gero da dawa tun daga ganye, sun nuna musu riɗi da zoɓo da wake da ke yaɗo a ƙarƙashin hatsi, sun kuma yi musu dariya yadda ya kamata in sun kuskure. Babbar ta koyi carafke, wanda ƙirga ne da saurin hannu a haɗe. Da la'asar takan tsuguna gefen tsofaffi masu dara a ƙofar gida, tana kallon yadda ake jera uku a ci ɗaya, har wani dattijo ya fara tambayarta inda zai saka. Ranar Alhamis mukan je kasuwar Maigatari a bakin iyakar Nijar. A can suka ji cewa raƙumi ma suna-suna ne, akwai amale akwai taguwa, kamar yadda shanu suke da bijimi da karsana da maraƙi. Yarinyar ta tsaya ta ga yadda ake ciniki, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, har a kai ga sallamawa. Da muka dawo sai da ta sayar wa ƙanenta akuyar kakarsu sau uku.

Na san wannan tafiya ba kowa ke da ikon yin ta ba yanzu. Ina da abokan aiki 'yan Zamfara da kudancin Katsina da Birnin Gwari waɗanda suka shekara biyar ko fiye ba su kai yaransu garinsu ba, wasu ma garin ya watse. Cikin asarar da 'yan bindiga suka jawo, wannan ba ta shiga lissafin kowa: jikokin da ba za su san tsakar gidan kakanninsu ba. Waɗanda suka yi dabara a cikinsu sun juya tafiyar, suka ɗauko tsohuwa ta zo birni ta yi wata guda. In an yi haka, a bar ta ta yi aikinta. Kada a ajiye ta a ɗakin baƙi da talabijin kamar majinyaciya, ana hana yara damunta, alhali damun nan shi ya kawo ta. Wasu kuma sun koma ga waya, kaka tana aiko da tatsuniya ta saƙon murya a WhatsApp. Ya fi babu, amma kiran da za ta ji amsarsu ya fi, don tatsuniyar da ba a katse ta da tambaya rabinta ne.

Wanda kuma ke da halin fita yawon buɗe ido, wurin da aka je bai kai yadda aka yi tafiyar muhimmanci ba. Na ga iyalan da suka kai yara Dubai suka dawo, abin da yaran suka fi tunawa shi ne intanet ɗin otal. Yini guda a cikin Kano, a hau Dala a nemo unguwar su wane daga sama, a gangara marinar Ƙofar Mata a ga yadda zane ke fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi, a ƙare a Gidan Makama, ya ishi yaro zancen wata guda. Sharaɗin dai a yi tafiyar da saurin ƙafarsa, a tsaya inda ya tsaya.

Sauran makonni arba'in da wani abu na shekara fa? A nan ne aikin da al'ada ba ta ba iyaye ba ya dawo kansu, don babu wanda za a miƙa wa. Ba ya bukatar sayen komai. Kicin kaɗai makaranta ce: tsintar wake, ƙirga gwangwanin shinkafa, wanne ya fi nauyi, me zai faru in an zuba kanwa. A da ɗauke wuta yakan tara mutanen gida wuri ɗaya, sai sola da inbata suka raba mu da wannan ni'ima, yanzu sai mutum ya kashe kayan kallon da hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon kallo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, ƙasa da haka ya fi. Lokacin da aka ƙwato daga nan ake zuba wa hira.

Kayan aikin kuwa muna da su, kuma an ƙera su ne daidai da abin da masu binciken nan suka gano. Ba a fara tatsuniya sai mai ji ya ba da izini: a ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ya ce "Ta zo mu ji ta." Kacici-kacici ma haka, "Ƙulun ƙulufit" sai an amsa da "Gauta". In aka ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, yaro ya yi ta lalube har ya gaji, sai a ce ya ba da gari kafin a faɗa masa tsintsiya ce. Ta wannan hanya ƙaramin namu ya san akwai Haɗeja da Zinder da Legas, don ba ya son ba da Gumel. Wanda tatsuniyoyin suka ɓace masa ya nemi jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya tuna, sannan ya rufe littafin ya ba da labarin da bakinsa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta yi wa ɗan shekara huɗu nauyi in karantawa za a yi, amma uba zai iya karanta labari guda da rana ya sake zuba shi da dare daidai kunnen yaro. Littattafan hoto na Hausa don ƙananan yara sun yi ƙaranci a shaguna, sai dai hoto ba shi da harshe. Ka buɗe na Turancin, ka tambaye shi da Hausa me yake gani, me ya sa karen nan ya ɓata rai, me yake zaton zai faru a shafi na gaba.

Iyaye maza ne abin ya fi yi wa wuya, kuma na fahimci dalili. Wanda bai taɓa zama ya yi hira da mahaifinsa ba, in aka ce ya zauna gaba da gaba da ɗan shekara huɗu, sai ya ji kamar an sa shi rawa a kasuwa. Abin da na ga yana aiki shi ne hira kafaɗa da kafaɗa, ana wani abu. A wanke mota tare, a ba shi soso da taya guda. A je gidan mai, a bar shi ya karanta lambobin da ke gudu. A gidanmu tafiya masallaci ce da Magariba. Ni kaɗai minti biyar ne, da ƙaramin kuwa sai mun fita da kwata guda kafin kira, saboda akwai layin tururuwa a gindin katangar maƙwabcinmu da ba a wuce shi sai an gaisa. Makon nan maganar da ke gabanmu ita ce inda suke kwana in ruwa ya cika raminsu. Shi ya ce suna da bene a ciki. Yayarsa ta ce ƙaura suke yi. Mun yi alkawarin in an yi ruwa da dare, za mu fita da tocila bayan Asuba mu duba.